Farautar Inda Zaren Gilashi Ya Tsinke: Abin Da Ke Bayan Ɗaukewar Sabis A Mafara, Bakura Da Maradun

Duk wanda ke harka a ƙasar Morai da kewayenta, daga Talatar Mafara zuwa Bakura da Maradun, ya san cewa kalmar “ba sabis” ta daɗe da wuce zancen rashin gaisawa da dangi. Idan sabis ya ɗauke ranar kasuwa, mai POS zai zauna da injinsa a hannu yana ba mutane haƙuri, dillalin hatsi ya ƙi sakin buhu saboda kuɗin da aka ce an turo ba su shigo ba, ɗalibin da ke neman cike fom ɗin jarrabawa ya yini a shagon kwamfuta. Mafi muni kuma, ƙauyen da ya hango baburan da bai yarda da su ba ya rasa hanyar sanar da ƙauyen gaba. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, ciniki mai yawa a karkara ya koma kan waya, don haka duk sa’ar da aka yi babu sabis, asara ce da za a iya ƙirga ta da naira.

Abin da ba a cika tambaya ba shi ne: me ya lalace, a ina, kuma wa ke nemansa? Yawancinmu mukan ɗaga kai mu dubi dogon ƙarfen da ke bayan gari, mu ce “ƙarfen ne ya mutu”. Wani lokacin haka ne. Amma sau da yawa ƙarfen lafiyarsa lau, janaretonsa na ruri, cutar kuwa tana can kwance a ƙarƙashin ƙasa, tafiyar kilomita talatin ko hamsin daga garin, a jikin wani zare da bai wuce kaurin gashin kai ba.

Wayar hannu ba ta magana da wata wayar kai tsaye. Muryarka takan tashi a iska zuwa turken sadarwa mafi kusa, tafiyar da galibi ba ta wuce ’yan kilomitoci ba. Daga nan dole turken ya miƙa saƙon zuwa cibiyar kamfani da ke wani babban birni. Turakun karkara da yawa suna miƙawa ne ta waɗannan faifai masu kama da ganga da ake gani a jikinsu, wannan ya harba wa wancan, wancan ya harba wa na gaba, har a kai ga turken da ke da zaren gilashi, wato faiba. Daga nan sauran tafiyar duk a cikin gilashi ake yin ta, a matsayin haske mai ƙyaftawa sau biliyoyi a cikin sakan ɗaya. Saboda haka turke guda da ke bakin babbar hanya yana iya zama uwa ga turaku goma na cikin ƙauyuka. In aka yanke masa zare, su duka za su yi shiru a lokaci guda, ko da ba abin da ya taɓa su.

Shi zaren, gilashi ne tsantsa da aka tace shi matuƙar tacewa. Kaurinsa maikiron 125 ne, wato kashi ɗaya cikin takwas na milimita, hanyar da hasken ke bi a tsakiyarsa kuwa ba ta wuce maikiron tara ba. A 1966 wani injiniya haifaffen Sin mai aiki a Ingila, Charles Kao, tare da abokin aikinsa George Hockham, suka nuna cewa abin da ke cinye haske a cikin gilashi ƙazantar da ke gauraye da shi ce, kuma in an tace shi zai iya ɗaukar saƙo zuwa nesa. A 1970 kamfanin Corning na Amurka ya ƙera zaren farko da ya cika wannan sharaɗi, Kao kuma ya samu kyautar Nobel a 2009. Zaren da ake binnewa a yau, a zangon haske na nanomita 1550, yakan rasa kimanin desibel 0.2 a kowace kilomita. Ma’anar wannan a sauƙaƙe ita ce, sai hasken ya yi tafiyar kusan kilomita 15 kafin rabinsa ya ɓace. Gilashin taga kuwa, in aka jera shi kaurin taku kaɗan, sai ya koma kore mai duhu.

Masu shimfiɗa wannan zare sun fi bin gefen manyan hanyoyi, domin nan ne gwamnati ke ba da izinin haƙa, nan ne kuma mota za ta iya kai ma’aikata. A yankinmu babbar hanyar ɗaya ce, wadda ta taso daga Funtuwa ta bi ta Tsafe, Gusau, Bungudu da Maru, ta ratsa Talatar Mafara ta wuce Tureta zuwa Sakkwato. Bakura da Maradun reshe ne daga jikinta. Wanda ya fahimci wannan taswira ya fahimci rabin matsalar: aikin kwalbati a wajen Bungudu yana iya hana mai shinkafa a bakin madatsar Bakolori karɓar kuɗinsa.

Yanzu bari mu bi injiniya mu ga yadda yake aikinsa, domin a nan ne abin sha’awar yake.

Labarin yakan fara ne a wani ɗaki mai sanyi a Legas ko Abuja, inda ma’aikata ke zaune dare da rana gaban manyan allunan kwamfuta. Kowace na’ura da ke kan layin tana aiko da rahoton lafiyarta. Da zarar haske ya daina isowa wani kati, sai ya kunna ƙararrawar da ake kira LOS, wato saƙo ya ɓace gaba ɗaya. Matsalar ita ce yankewa ɗaya takan haifar da ɗaruruwan ƙararrawa, domin duk na’urar da ke bayan wurin da ya yanke ita ma kuka za ta yi. Aikin farko shi ne a rarrabe uwar ƙararrawa daga ’ya’yanta. Ƙwararre yakan dubi lokaci da jeri: wacce ta fara, kuma daga wane wuri shirun ya soma? In turakun Mafara, Bakura da Maradun suka ɗauke a sakan guda, ba za a ɓata mai a zagaya su ɗaya bayan ɗaya ba. Abin da ya haɗa su shi za a nema. In kuwa turke ɗaya ne ya mutu, kuma sa’o’i kaɗan kafin nan ya aiko da ƙorafin ɗaukewar wuta, daga baya na raunin batir, to ba sai an tayar da mai gyaran faiba ba. Mai kai man dizal ake nema. Kayan sadarwa suna aiki ne da wutar batir ta bolt 48, kuma duk wanda ya san sana’ar zai ce maka a duba wuta tukuna kafin a zargi gilashi.

Idan wuta lafiya, sai a shiga rarrabe tsakanin na’ura da hanya. A nan akwai wata dabara mai sauƙi da ta girmi faiba kanta. Injiniya zai cire zaren da ya fita zuwa daji, ya ɗauko wani gajere ya haɗa bakin da ke aikawa da bakin da ke karɓa a jikin katin, yana sa ɗan abin rage ƙarfin haske a tsakani kada ya ƙone idon na’urar. Ya mayar wa katin muryarsa ke nan. In katin ya ji kansa, ƙararrawa ta mutu, to shi ba shi da laifi, cutar tana waje. In bai ji ba, laifin yana cikin ɗaki: ko ɗan ƙaramin abin da ke juya lantarki zuwa haske, wanda bai fi ɗan yatsa ba, ya gaji, ko katin kansa ya ƙone. Haka za a yi ta raba layin gida biyu, a wanke wannan ɓangare a koma wancan, kamar yadda mai neman inda bututun ruwa ya fashe ke rufe famfo ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma mitar auna ƙarfin haske. Kowane layi yana da adadin hasken da aka rubuta ranar da aka ƙaddamar da shi. In yau abin da ke isowa ya ragu sosai amma bai ɗauke ba, to zaren bai tsinke ba, wani abu ne ke shaƙe shi. Irin wannan ita ce cutar da ta fi wahalar da mai waya, domin sandunan sabis suna nan cike a fuskar wayarsa, amma kira na yankewa, intanet na jan ciki, kuɗi su fita daga asusu su maƙale a hanya. Kuma abin mamaki, sanadin da ya fi yawa a cikin ɗakin na’ura shi ne ƙura. Ƙwayar ƙura guda a bakin mahaɗi tana iya rufe wani sashe na wannan hanya mai maikiron tara. A ƙasar da hunturu ke shigar da ƙura har cikin kwanon da aka rufe, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa ƙa’idar sana’ar ta ce a duba bakin mahaɗi da madubin ƙara girma, a goge, a sake dubawa, sannan a soka. Ma’aikacin da ya hure shi da baki ko ya goge da gefen rigarsa, ya ƙara cuta ne a kan cuta. Kuma ba a leƙa bakin zare da ido, domin hasken da ke cikinsa ido ba ya ganinsa, amma yana iya yi masa lahani.

Idan an tabbatar cutar tana waje, sai a ɗauko babban makami, na’urar da ake kira OTDR. Yadda take aiki ya yi kama da mai jefa dutse a rijiya yana sauraron lokacin da zai ji ƙarar ruwa. Takan harba ɗan guntun haske cikin zaren, sannan ta saurari abin da ke dawowa. Gilashi, komai tacewarsa, yakan warwatsa ɗan kaɗan daga hasken ya dawo da shi baya a kowane taku na tafiyar, inda kuwa zaren ya karye, ko dai hasken ya dawo da ƙarfi kamar ya daki madubi, ko ya ɓace ɗungurungum. Tunda an san gudun haske a cikin gilashi, kimanin kilomita 200,000 a sakan, lissafin ba wuya: duk kashi ɗaya cikin miliyan na sakan da hasken ya yi wajen zuwa da dawowa, daidai yake da kimanin mita 100 na zare. Mu ɗauka an harba daga Gusau, amsar ƙarshe ta dawo bayan kashi 420 cikin miliyan na sakan. To karayar tana wajen kilomita 42. Na’urar za ta zana layi mai gangarowa sannu a hankali, kowane ɗinki ya fito kamar ɗan matakala, kowane mahaɗi kamar ɗan tsini, wurin karaya kuma kamar bakin kwari.

Mai karanta wannan zane da kyau yakan gane abin da ya faru tun bai je wurin ba. In aka auna da nanomita 1310 aka ga asara kaɗan, aka sake aunawa da 1550 aka ga ta ninka a wuri guda, to zaren lanƙwashewa ya yi, ko wani nauyi ya danne shi, domin dogon zangon haske ya fi saurin tserewa a kwana. In dukkan zarurrukan da ke cikin kebul ɗin sun mutu a nisa ɗaya, aikin katafila ne ko diga. In biyu ko uku ne suka mutu sauran na aiki, sai a yi tunanin gafiya, ko ruwa da ya shiga akwatin ɗinki, ko hannun wani ma’aikaci da ya buɗe akwatin jiya don wani aikin daban.

Sai dai fa, a nan ne ilimin littafi ke karo da halin ƙasarmu. Kilomita 42 da na’ura ta faɗa tsawon gilashi ne, ba tsawon kwalta ba. A kowane ramin dubawa akan naɗe rarar kebul ta wasu mitoci don gyaran gaba, kebul ɗin yakan kauce wa dutse, ya zagaye gada, zaren da ke cikinsa ma ya ɗan fi rigarsa tsawo. A tafiya mai nisa wannan bambanci yakan taru ya kai ɗaruruwan mitoci ko fiye. Abin da ke cike giɓin shi ne taswirar da aka zana ranar binnewa, mai nuna kowane rami da kowane ɗinki. In taswirar ta ɓata, ko an yi gyare-gyare goma ba wanda ya rubuta, sai ma’aikata su koma bin gefen hanya a ƙafa suna neman sabuwar ƙasa da aka tono, suna tambayar manoma ko sun ga masu haƙa. Sau da yawa mai gona ko mai shayin bakin hanya ne ke nuna wurin da na’urar miliyoyin naira ta kasa nunawa daidai. Mai ɗaki, in ji Hausawa, shi ya san inda yake masa yoyo.

In an samu wurin, sai ɗinki. Ba a ƙulla gilashi kamar wayar lantarki. Za a feƙe rigar kowane zare, a goge shi da sinadari, a yanke bakinsa a miƙe da wata wuƙa ta musamman, a sa bakunan biyu a cikin injin da zai daidaita su da kansa ya narkar da su da tartsatsin wuta su zama ɗaya. Ɗinki mai kyau ba ya cin hasken da ya kai desibel 0.1. Zarurrukan suna da launi goma sha biyu a jere, shuɗi ne na farko, ruwan lemo na biyu, kore na uku, haka har ƙarshe, kuma dole shuɗi ya koma ga shuɗi. In aka kuskure, saƙon wani gari zai tafi wani gari. Kebul mai zare 48 ko 96 yana cin sa’o’i, a cikin rami, a cikin ƙura ko laka, sau da yawa da fitilar goshi. Kuma tunda katafila ba ta yanka a tsabtace, takan ja ta tsinka, yawanci sai an yanke wurin da ya lalace an sa sabon guntu a tsakani, wato ɗinki biyu ke nan a kowane zare maimakon ɗaya.

Wannan batu na ƙarshe yana da sakamakon da ba a cika lura da shi ba. Layin da aka gyara sau 20 ya tara sabbin ɗinki 40. In kowanne ya ci desibel 0.1, an rasa desibel huɗu, fiye da rabin hasken da ke isa can ƙarshe a da. Kowane layi kuwa yana da iyakar asarar da zai iya jurewa. Don haka hanyar da ake yawan yankewa tsufa take yi da wuri: ko bayan an gyara, ba ta komawa yadda take, har ranar da ɗan ƙaramin lanƙwasa zai isa ya kayar da ita. Mai waya a Bakura da ke cewa sabis ɗin bana bai kai na bara ba, mai yiwuwa gaskiya yake faɗa, kuma dalilin yana binne a gefen hanya.

Wa ke yankewa? Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta ce an samu yankewar faiba fiye da 50,000 a Najeriya a 2024, kuma kimanin 30,000 daga ciki ayyukan hanyoyi na tarayya da na jihohi ne suka jawo su. Saura sun haɗa da masu haƙa harsashin gini da bututun ruwa, zaizayar damina da ke tone kebul ta bar shi a fili, ƙunar daji, da ɓarayi. Su ɓarayin nan abin takaici ne da ban tausayi a lokaci guda: jan ƙarfe suke nema, irin na wayoyin NITEL na da, alhali babu ko ƙwayarsa a cikin faiba. Su sare, su duba, su yar, gari uku su kwana babu waya. A ranar 28 ga Fabrairu 2024, yankewar faiba a wurare da dama ta jefa masu layin MTN a faɗin ƙasar cikin sa’o’i na rashin sabis. Makonni biyu bayan haka, ranar 14 ga Maris, a kwanakin farko na azumi, manyan kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS, ACE, MainOne da SAT-3, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, bankuna da intanet suka rikice a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma. Dabarar gano wurin ita ce dai wadda muka bayyana, a harba a saurari amsa. Bambancin kawai shi ne can sai an jira jirgin ruwa na musamman ya zo ya zaro kebul ɗin daga ƙasan teku, aikin da ya ɗauki makonni.

Maganin da injiniyoyi suka sani tun tuni shi ne zobe. A shimfiɗa layi ta hanyoyi biyu mabambanta, yadda in an yanke gabas saƙo zai juya ta yamma. A tsarin SDH ƙa’idar ita ce juyawar ta kammala cikin kashi 50 cikin dubu na sakan, mai magana ba zai ma ji komai ba. Amma zobe sai da hanya ta biyu ta gaskiya. In zarurrukan biyu a rami ɗaya suke kwance, ko kamfanoni uku duk gefen kwalta ɗaya suka bi, to cokalin katafila ɗaya ya ishe su. Wannan ne ya sa dabarar riƙe layuka biyu ko uku a waya, wadda kusan kowane ɗan kasuwa ke yi, wani lokacin ba ta cetonsa. Garin da ke kan reshe kamar Maradun ya fi kowa shiga wannan hali. Shirin gwamnatin tarayya na shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na faiba, wanda ministan sadarwa Bosun Tijani ke jagoranta, za a auna amfaninsa a wurinmu ne da tambaya ɗaya: shin zai ba waɗannan garuruwa hanya ta biyu, ko zai ƙara wani zaren ne a tsohon rami?

Akwai kuma abin da babu na’urar da ke aunawa, wato ko mai gyara zai iya isa wurin ya dawo gida lafiya. Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a tuna musu da shekarar 2021: ɗaliban Jangebe a Fabrairu, Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a Agusta, makarantar Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun ranar 1 ga Satumba. Kwana biyu bayan na Kaya, ranar 3 ga Satumba, NCC ƙarƙashin Farfesa Umar Garba Ɗanbatta ta umarci kamfanoni su rufe dukkan turakun Zamfara, bisa buƙatar Gwamna Bello Matawalle, wanda shi kansa ɗan Maradun ne. An ce mako biyu da farko. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, sauran jihar sai ƙarshen Nuwamba aka ba da umarnin buɗewa. A tsakanin nan mutane sun riƙa hawa mota zuwa Funtuwa ko Sakkwato don kira ɗaya ko tura kuɗi. Ko matakin ya yi amfani ta fuskar tsaro ko bai yi ba, muhawara ce da masana ke yi har yau. Ta fuskar injiniya dai, darasin a fili yake: kashe na’ura umarni ɗaya ne, tayar da ita aiki ne na turke bayan turke. Batirin da ya yi watanni ba caji yakan lalace, wurin da ba a ziyarta yakan zama abincin ɓarayi, kuma layin da aka kashe ba ya aiko da ƙararrawa, don haka duk yankewar da ta faru a lokacin ba a san da ita ba sai ranar kunnawa.

Har yanzu wannan ce babbar matsalar gyara a Zamfara ta yamma. OTDR za ta faɗi nisa cikin minti kaɗan, amma in wurin ya faɗo a dajin da ba a shiga bayan la’asar, gyaran sa’a huɗu sai ya koma na kwana uku, ana jiran rakiyar jami’an tsaro. Ba adalci ba ne a zargi yaron da ya ƙi shiga rami da fitila a irin wannan wuri da dare.

Ta ɓangaren doka an ɗan motsa. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da lalata su babban laifi ne. A 2025 NCC ƙarƙashin Dokta Aminu Maida ta wajabta wa kamfanoni su sanar da jama’a dalilin duk wata babbar ɗaukewar sabis, da yankin da ta shafa, da lokacin da ake sa ran gyarawa, kuma su biya diyya in ta wuce sa’o’i 24. Tunda an amince musu da ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, mai waya a Morai yana da cikakken haƙƙin ya nemi a cika masa wannan alkawari. Lambar ƙorafi ta kamfanoni ita ce 300, ta hukumar kuma 622, kyauta. Ƙorafin da ya faɗi gari, da rana, da sa’ar da sabis ya ɗauke, da ko dukkan layuka ne ko ɗaya, ya fi zagi a Facebook amfani, domin irin bayanin da mai neman cutar ke bukata ke nan.

A ganina, abin da ya fi sauƙi kuma aka fi sakaci da shi yana hannun jiha da ƙananan hukumomi. Aikin tagwaita hanyar Zariya zuwa Sakkwato ta Funtuwa da Gusau abin maraba ne, amma zai bi ta kan duk abin da aka binne a gefen tsohuwar kwalta. Bai kamata ɗan kwangila ya sauke katafila ba sai an zauna da masu kebul an nuna masa inda yake, an kuma kawar da shi kafin haƙa. Kuɗin kawarwa bai kai asarar yankewa goma ba. Duk sabuwar hanya ko kwalbati da jiha za ta gina, a binne bututun wofi a gefenta tun farko, kamfanoni su yi haya. Hakimai da dagatai su san inda layin ya ratsa ƙasarsu, su sanar da talakawa cewa babu jan ƙarfe a ciki, kuma a ba su lambar da za su kira in ruwa ya tone shi.

Sannan ga batun hannun da zai yi ɗinkin. A Talatar Mafara akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, mai ɗauke da sunan injiniya, ga kuma jami’ar jiha a garin. Koyon ɗinkin faiba da karanta zanen OTDR ba ya bukatar shekara huɗu. Wanda ya yi karatun lantarki zai iya kama shi cikin makonni, sauran kuma yawan yi ne. Kayan aikin, injin ɗinki da wuƙarsa, OTDR, mitar haske da ɗan jan fitilar leza da ake haska gajeren zare da shi don ganin inda yake yoyo, duk jaka biyu za su ɗauke su. Ƙungiyar gyara da ke zaune a Mafara, ta ’yan asalin yankin da suka san wace hanya ake bi da wace ake kauce wa, waɗanda dagacin Morai ko na wani ƙauyen Bakura zai gane su in sun zo, za ta isa wurin da ya yanke kafin motar da ta taso daga Sakkwato ko Gusau ta gama jiran rakiya.